Ƙasidun Neman 'Yancin Kai: Me Ya Sa Aka Rubuta Su, Wane Aiki Suka Yi? Tambayoyi da Amsoshi

Ina koyar da tarihi a wata makarantar sakandare a nan Jos. Duk shekara idan muka iso babin neman 'yancin kai, ɗalibai sukan zo da ranar 1 ga Oktoba, 1960 a haddace, da sunayen Sardauna da Tafawa Ɓalewa da Zik da Awolowo. Da na ɗauko zancen ƙananan takardun da aka riƙa bugawa ana rabawa hannu da hannu shekaru kafin wannan rana, sai aji ya yi tsit. Tambayoyin nan daga bakinsu na tara su, wasu kuma daga abokai a majalisarmu ta bayan isha'i. Na amsa su gwargwadon abin da na karanta da abin da na ji daga manya.

Mece ce ƙasidar neman 'yanci, kuma me ya raba ta da jarida ko littafi?

Takarda ce gajeriya, daga warƙa ɗaya zuwa shafi 40 ko 50, ba bango mai kauri, ana buga ta da araha a sayar kuɗi kaɗan ko a raba kyauta. Magana ɗaya take ɗauke da ita, ta kama ta ba ta saki. Jarida ta fito yau ta fito gobe, ga labarin kotu ga na kasuwa ga na ƙwallo. Littafi kuwa sai mai kuɗi da mai lokaci. Ita ƙasida aljihun riga ya ishe ta, ko ƙarƙashin hula, kuma tsakanin la'asar da magariba an gama karanta ta.

Kalmar kanta daga Larabci muka aro ta, inda asalin ma'anarta waƙa ce. A riƙe wannan, don idan muka zo kan Arewa za a ga ba banza ba kalma ɗaya ta ɗauki ma'anonin biyu.

To mene ne ainihin manufarta?

Wanda aka haifa a ƙarƙashin mulkin baƙo yakan ɗauke shi kamar rani da damina, abin da ya tarar kuma zai mutu ya bari. Yana jin zafin haraji, yana tsine wa mai karɓa a cikin ɗakinsa, yana fata a canja masa mugun Di'o, wato Baturen mulki na yankinsa, a kawo mai sauƙin kai. Abin da bai taɓa kawowa a ransa ba shi ne tsarin gaba ɗaya yana iya tashi. Babban aikin ƙasida shi ne ta kai mutum wannan wurin: daga "a sassauta mana" zuwa "a tashi a ba mu wuri."

Misalin da ya fi fito da wannan fili daga Amurka yake. A watan Afrilun 1775 aka fara musayar wuta tsakanin mazauna yankuna 13 na Amurka da sojojin Ingila a Lexington da Concord. Duk da jini ya zuba, yawancin shugabanninsu ba su furta kalmar rabuwa ba. A watan Yuli na shekarar ma sai da majalisar wakilansu ta aika wa Sarki Joji na Uku takardar neman sulhu, tana jaddada biyayya gare shi. Sarkin ko karɓarta bai yi ba. Laifin dai a wurinsu na ministoci ne da majalisar Landan, sarki uba ne da aka ɓoye masa gaskiya.

Ana cikin haka, a watan Janairun 1776, wata ƙasida mai shafi 47 ta fito a Filadelfiya da suna Common Sense, wato abin da hankalin kowa zai kama. Marubucinta Thomas Paine ɗan Ingila ne, tsohon ma'aikacin karɓar harajin kaya, wanda bai fi shekara ɗaya da 'yan watanni da sauka Amurka ba. Ya bar ministoci ya nufi sarautar kanta. Aka yi ta sake buga ta gari bayan gari a ƙasar da mutanenta ba su wuce miliyan 2 da rabi ba. Bayan wata 6, ranar 4 ga Yuli, 1776, majalisar nan da ta roƙi sulhu bara ita ce ta amince da takardar shelar 'yancin kai.

Akwai aiki na biyu da nake ganin bai gaza na farko ba. Zalunci yana raba mutane, kowa ya zaci shi kaɗai abin ya dama, ko shi kaɗai ke wannan tunani mai haɗari. Ranar da manomi ya ji ana karanta damuwarsa daga takardar da wani ya rubuta a wani gari mai nisa, ya waiga ya ga maƙwabcinsa yana gyaɗa kai, ranar ya san yana da 'yan'uwa. Daga nan ake samun jam'iyya, da yajin aiki, da masu biyan kuɗin kati.

Me Paine ya faɗa da har ya girgiza mutane haka?

Hujjojinsa ba sababbi ba ne ga masana, yadda ya faɗe su ne sabo. Ya ce ba hankali a ce ɗan tsibiri ya dawwama yana mulkin nahiya guda daga bayan teku, inda saƙo kan yi watanni kafin ya je ya dawo. Ya tona asalin sarautar Ingila, ya nuna wani mayaƙi ne ya ƙetaro daga Faransa da rundunarsa ya ci ƙasar da ƙarfin takobi, don haka ba wata alfarma daga sama. Ya soki gādon mulki, ya ce ba abin da ke tabbatar da ɗan mai hankali zai yi hankali. Da yake ya san masu sauraronsa mutanen coci ne, sai ya ɗauko musu labarin Bani Isra'ila lokacin da suka nace a naɗa musu sarki aka gargaɗe su. Bai tsaya a suka ba. Ya yi lissafin katako da ƙarfe da kwaltar da ƙasar ke da su, ya nuna za su iya ƙera jiragen yaƙinsu, ya kuma ba da shawarar yadda za a zaɓi wakilai a tsara sabuwar gwamnati.

Duk wannan da harshen da kafinta da mai sayar da abinci za su gane. Masu ilimin zamaninsa suna rubutu ne don junansu, suna cusa Latinanci. Shi ya rubuta don kunne.

Yawancin mutanenmu a lokacin ba su yi boko ba. Ta yaya takarda za ta yi musu tasiri?

Wata ɗaliba ce ta yi mini wannan tambaya. Ta ce, "Malam, kakata ko sunanta ba ta iya rubutawa, wa zai ba ta takarda?" Na ce mata ai ba a ba ta, karanta mata ake yi.

Kakana ya zo Jos yana saurayi ya yi leburanci a filin kuza, daga baya ya koma ɗinki a Gangare. Ajami yake karantawa, boko ko harafi. Ya sha ba ni labarin wani matashin akawu na reluwe da kan zo zaurensu bayan sallar isha'i, ya cire hula ya zaro takarda a ninke huɗu, gefenta duk ya yi laushi da gumi. A jawo fitilar ƙwai kusa, a tura yaro ɗaya bakin ƙofa yana leƙen hanya. Idan da Turanci take, akawun ya karanta layi ya juya shi da Hausa. Kakana ya ce akwai wani dattijo mahauci da kullum yakan ɗaga hannu ya ce, "Dakata ɗana, maimaita mini wurin nan na haraji." A maimaita masa sau biyu, sau uku. Washegari a mahauta shi ke ba wasu labari, kalma da kalma kamar ya haddace. Takardar kuwa kafin gari ya waye ta wuce wani zauren.

Ke nan kwafi ɗaya yana iya shiga kunnen mutum 50. Haka aka yi a Amurka ma, a wuraren shan shayi da giya da dandalin gari ake karanta ta Paine da ƙarfi. A nan ƙasar, ma'aikatan jirgin ƙasa da na gidan waya da direbobin manyan motoci su ne jijiyar da takardu da jaridu suka bi daga Legas zuwa Kano da Jos.

A Arewa an yi irin waɗannan ƙasidu, ko abin na 'yan Kudu ne?

An yi, kuma al'adar ta girmi zuwan Bature. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da Abdullahin Gwandu da Muhammadu Bello sun yi amfani da gajerun rubuce-rubuce da waƙoƙi na Larabci da Fulatanci da Hausa, ana kwafa da hannu ana yaɗawa, kafin jihadin 1804 da bayansa. Nana Asma'u ta tsara waƙoƙi ta ba matan da ta koyar, waɗanda ake kira jaji, suna kai wa mata a ƙauyuka. Wannan gwagwarmaya ce ta gyaran addini da mulki a cikin gida, ba ta korar baƙo ba, amma ta bar wa ƙasar Hausa sanin cewa rubutu gajere da ake rerawa yana iya motsa jama'a.

Da zamanin Turawa ya zo, Malam Sa'adu Zungur na Bauchi, wanda ya rayu daga 1915 zuwa 1958, ya haɗa hanyoyin biyu. Malami ne na Alƙur'ani da fiƙihu, ga boko, ga kaifin alƙalami. A shekarun 1940 yana cikin waɗanda suka kafa zauren muhawara a Bauchi, inda shi da Malam Aminu Kano suka riƙa yi wa hukuma tambayoyin da ba a saba ji ba. Ya riƙe sakataren NCNC, jam'iyyar su Zik, a Legas. Waƙarsa Arewa Jumhuriya ko Mulukiya ƙasida ce ta siyasa cikakkiya a cikin baitoci, tana gargaɗin sarakunan Arewa su gyara tafiyarsu kafin zamani ya wuce da su. Shi ma Malam Aminu tun yana matashi ya rubuta ƙasida da Turanci yana sukar yadda hukumar gargajiya ke danne talakan Kano.

Ranar 8 ga Agusta, 1950 aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, kuma cikin mutum 8 da suka kafa ta akwai mawaƙi, Mudi Sipikin. Jam'iyyar ta fitar da takardar manufofinta da aka fi sani da shelar Sawaba, wadda ta ce a fili akwai saɓanin buƙata tsakanin talakawa da masu riƙe da En'e, wato hukumar gargajiya, kuma talaka ne zai ƙwaci kansa da kansa ta hanyar siyasa. Kalmar talakawa tana nan tun da can, amma a da suna ne na ƙasƙanci. Wannan takarda da waƙoƙin da suka biyo ta suka mayar da ita sunan da mutum ke bugun ƙirji da shi. A ganina wannan na cikin manyan ayyukan da rubutu ya taɓa yi a harshen Hausa.

Waƙa kuma tana da wata fa'ida da takarda ba ta da ita. Ɗan doka yana iya kwance rawani, ya zazzage aljihu, ya ɗaga tabarma. Abin da ke cikin ƙirji ba ya ƙwatuwa.

Me ya sa na Arewa suka fi sukar sarakuna da En'e maimakon Bature?

Saboda hannun da talaka ke gani ke nan. Tsarin da Lugga ya kafa bayan cin Kano da Sakkwato a 1903 ya bar sarakuna a kan karaga, Razdan da Di'o suna bayan labule. Dagaci ne ke karɓar haraji, hakimi ke ƙirga shanu don jangali, dogari da ɗan doka ke kamawa, alƙalin En'e ke ɗaurewa. Manomi yana iya shekara bai ga farar fata ba. In ka ce masa Bature ne matsalarsa ka tsaya nan, ba ka taɓa inda ke masa ƙaiƙayi ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Don haka marubutan NEPU suka ɗauki kaya biyu a kai ɗaya: Bature ya tafi, kuma kada ya tafi ya bar bulalarsa a hannun wani. Wannan ya sa tafiyarsu ta fi ta 'yan Kudu wuya, don wanda kake suka shi ne mai kotu, shi ne mai gidan yari, wataƙila ma shi ya raɗa maka suna. An yi wa 'yan NEPU bulala, an ɗaure su, an kore su daga garuruwansu. Hajiya Gambo Sawaba ta shiga kurkuku sau da yawa tun tana ƙaramar yarinya saboda hawa dandamali ta yi wa mata magana.

Ina Jos ta shigo a wannan labari?

Kuza ce ta gina garin nan, kuma ita ta tara masa mutanen da ƙasida ke nema: leburori daga Kano da Bauchi da Barno, mutanen Filato da aka haƙe gonakinsu, akawuna da makanikai daga Kudu, duk a wuri ɗaya suna karɓar albashi daga kamfanonin Turawa. Layin dogo daga Zariya ya iso tun wajen 1914, na Kafancan ya biyo baya a 1927, jarida da takarda suna sauka tare da fasinja. A nan ba labule tsakanin lebura da Bature, yana ganinsa kullum a bakin rami.

A 1942, da Japan ta ƙwace Malaya, Ingila ta rasa babbar hanyar samun kuza, sai ta juyo kan Filato. Daga 1942 zuwa 1944 aka riƙa ɗibar mutane daga lardunan Arewa ana kawo su aikin tilas, abin da tsofaffi ke kira ɗiban gwamna. Mutanen ƙasar zafi aka zube su cikin sanyin Bukuru ba bargo ba isasshen abinci, da yawa suka mutu. Ta hannun hakimai da dagatai aka ɗebo su. Wanda ya tsira daga wannan ya koma gida, ba ya buƙatar dogon bayani idan an karanta masa takarda a kan En'e da Bature.

A ƙarshen 1950 kuma a nan Jos Jam'iyyar Mutanen Arewa ta yi babban taronta, inda aka raba gari tsakanin matasan NEPU masu son sauyi yanzu da masu ganin a bi sarakuna a hankali. Waɗannan na biyun su suka zama jam'iyyar NPC a 1951.

Da gaske Turawa sun ji tsoron 'yar takarda?

Dokokinsu sun amsa wannan. A 1765 Ingila ta ɗora haraji a kan duk takardar da aka buga a Amurka, har jaridu da ƙasidu, sai da boren jama'a ya sa aka janye shi a 1766. A Indiya an yi dokar ɗab'i ta 1910, kuma a shekarar aka haramta ƙasidar Gandhi mai suna Hind Swaraj. A Nijeriya, lokacin babban yajin aikin 1945, gwamnati ta rufe jaridun Zik guda biyu, West African Pilot da Daily Comet.

A watan Oktoban 1948, a wani zaure a Legas, Osita Agwuna na ƙungiyar matasan Zikist, masu bin aƙidar Zik, ya karanta wata lacca mai kiran juyin juya hali, yana cewa a daina biyan haraji a daina yi wa gwamnatin mallaka biyayya. Aka gurfanar da shi da Anthony Enahoro da ya shugabanci zaman, da Habib Raji Abdallah, shugaban ƙungiyar, wanda tsohon ma'aikacin gidan waya ne a Kano. Duk an ɗaure su bisa laifin tunzura jama'a. Bayan 'yan sanda sun harbe ma'aikatan kwal 21 a Inugu a watan Nuwamban 1949, takardu suka ƙara yawa, kame ya ƙaru. A watan Afrilun 1950 aka haramta ƙungiyar, wasu kuma aka ɗaure su don kawai an sami takardun a gidajensu.

Dalilin tsoron a bayyane yake. Turawan da ke mulkin Nijeriya 'yan kaɗan ne a kan miliyoyi. Ɗan sanda namu ne, soja namu ne, akawu da masinja da mai karɓar haraji duk namu ne. Mulkin yana tsaye ne a kan yardar waɗannan su ci gaba da zuwa aiki, kuma wannan yardar ita takarda ke ci kamar gara.

Duk kiran ɗaukar makami suke yi?

A'a. Ta Paine ta fito ana tsakiyar yaƙi kuma ta goyi bayansa. Takardar da 'yan gwagwarmayar Aljeriya suka fitar ranar 1 ga Nuwamba, 1954 ita ma shelar yaƙi ce da Faransa, yaƙin da ya kai 1962 ya ci rayuka dubban ɗaruruwa.

Ta Gandhi ta bi wata hanya daban. Ya rubuta ta a 1909 a cikin jirgin ruwa yana komawa Afirka ta Kudu daga Landan, da harshensa na Gujarati, a tsarin tambaya da amsa tsakanin mai karatu da edita. Jigonta mai ɗaci ne: Turawa ba su ƙwaci Indiya ba, Indiyawa ne suka miƙa ta, kuma da haɗin kansu ake riƙe da ita. Mu ma mun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Maganin a wurinsa shi ne a janye hannu ba tare da zubar da jini ba. Kwame Nkrumah ya ɗauki wannan darasi. A 1949 ya fitar da ƙasida yana bayyana wa mutanen Gana matakin da yake nufi: yajin aiki, ƙaurace wa kayan Turawa, ƙin ba da haɗin kai, ba duka ba kisa. Aka fara a Janairun 1950, aka ɗaure shi, ya ci zaɓen 1951 yana gidan yari, Gana ta sami 'yanci ranar 6 ga Maris, 1957. NEPU ma ƙuri'a ta kira mutane gare ta.

Me ya sa wasu marubutan ba sa sa sunansu?

Tsoron igiya da kurkuku. Bugun farko na ƙasidar Paine bai ɗauki sunansa ba, don abin da ya rubuta cin amanar sarki ne a dokar lokacin. A nan kuma malamin makaranta ko akawun En'e da aka gane alƙalaminsa, aikinsa ya tafi. Malam Aminu ya ajiye koyarwa a Maru a ƙarshen 1950 kafin ya shiga siyasa gadan-gadan.

Abin da ke cikinsu gaskiya ne zalla?

Ina ƙaunar waɗannan takardu, amma ba zan ce wa ɗalibina haka ba. Ƙasida lauya ce, ɓangare ɗaya take karewa. Tana zaɓar hujjar da ta yi mata, ta tsallake wadda ba ta yi mata ba. Kuma kullum akwai mai mayar da martani: watanni kaɗan bayan ta Paine, wani mai goyon bayan sarki, James Chalmers, ya fitar da tasa yana cewa rabuwa da Ingila halaka ce.

A namu tarihin ma ɗaya ɓangaren yana da hujjar da ta cancanci a saurara. A 1953 Enahoro ya kawo ƙudurin a ba Nijeriya mulkin kai a 1956. Wakilan Arewa ƙarƙashin Sardauna suka ce a bari sai lokacin da ya dace, don Arewa na baya ƙwarai a ilimin boko, suna tsoron Bature ya tafi ofisoshi su koma hannun 'yan Kudu kaɗai. Aka yi musu ihu a Legas, jaridu suka kira su 'yan amshin shatan Turawa, abin ya kai ga tarzomar Kano a watan Mayu inda aka rasa rayuka. Wanda ya karanta takardun gefe ɗaya kawai ba zai fahimci wannan shekara ba.

Sai kuma waɗanda alkawarin bai kai gare su ba. Amurka ta yi shelar cewa an halicci mutane daidai, amma bayi baƙar fata suka zauna cikin bauta har 1865. Matan Arewa, waɗanda Gambo Sawaba ta sha ɗauri dominsu, ba su jefa ƙuri'a a zaɓen da ya kawo 'yancin 1960 ba, sai a shekarun 1970 aka ba su dama. Haraji da jangali da NEPU ta yi ta kuka a kansu sai 1979 Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke su.

Ke nan takarda ce ta kawo 'yanci, ko ba ita ba ce?

Ita kaɗai ba ta isa ba. Yaƙin Duniya na Biyu ya bar Ingila da Faransa cikin bashi. Sojojinmu da suka yi yaƙi a ƙasar Bama, wato Burma, sun dawo sun ga Bature ma yana jin tsoro yana mutuwa. Indiya ta samu a 1947, ƙofa ta buɗe. Ga ƙungiyoyin ƙwadago, ga tarurrukan tsarin mulki a Landan. Akwai ma inda kira ya yi ƙarfi bai ci ba: a Nijar, jam'iyyar Sawaba ta Djibo Bakary ta nemi a ce a'a ga Faransa a ƙuri'ar raba gardama ta Satumban 1958, ta sha kaye, aka haramta ta a 1959. Gini ce kaɗai ta ce a'a.

Sai dai duk waɗannan abubuwa dama ce kawai suka buɗe. Kafin a yi amfani da dama sai an sami mutanen da suka riga suka san abin da suke so, suna da kalmomin faɗarsa. Kalmomin kuma suna tafiya nesa: ranar 2 ga Satumba, 1945, da Ho Chi Minh ya tashi shelar 'yancin Biyetnam daga Faransa, da jimlolin shelar Amurka ta 1776 ya buɗe jawabinsa.

Mene ne bambancinsu da saƙonnin tunzurawa da ke yawo a waya yau?

Wannan tambaya ba ta wasa ba ce ga mutumin Jos. Mun ga 2001, mun ga 2008, mun ga 2010. Mun san yadda magana marar uba kan zaga unguwa kafin a ji ƙarar farko, mun binne mutane daga kowane ɓangare, har yau akwai unguwannin da wasunmu ba sa shiga da dare. A siffa, saƙon WhatsApp ɗan'uwan ƙasida ne: gajere, mai zafi, daga hannu zuwa hannu. Shi ya sa nake koya wa ɗalibaina su yi masa tambayoyi kafin su tura.

Wa yake nunawa da yatsa, tsarin mulki da masu riƙe da shi, ko maƙwabcinka saboda ƙabilarsa da addininsa? Ya kawo hujjar da za ka iya bincikawa, ko hoto ne kawai da "a yaɗa don Allah"? Ya faɗi abin da za a gina bayan an rushe? Paine ya zayyana yadda za a zaɓi wakilai. Shelar Sawaba ta ce talakawa su haɗa kai su karɓi mulki ta hanyar siyasa. Kuma ko waɗanda suka ɓoye suna a kan takarda, wasunsu sun fito daga baya sun tsaya gaban alƙali sun ɗauki hukuncin abin da suka rubuta. Mai haɗa saƙon da ke cewa a far wa mutanen wata unguwa yana kwance a ɗakinsa lokacin da 'ya'yan wasu ke mutuwa.

A ina mutum zai ga irin waɗannan takardu da idonsa?

Gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna yana da fayilolin lardunan Arewa na zamanin Turawa, a ciki akwai rahotannin da Razdan da Di'o suka riƙa rubutawa a kan 'yan siyasa. Gidan Arewa, tsohon gidan Sardauna a Kaduna, shi ma yana da tarin takardu. A Kano akwai Mambayya, gidan Malam Aminu, wanda yanzu cibiyar nazari ce ta Jami'ar Bayero. Gidan tarihi na Jos da aka buɗe a 1952 yana da rubuce-rubucen hannu na Larabci, ga wanda ke son ganin yadda ake kwafa kafin zuwan inji.

Ni kuwa nakan kai ɗalibaina wata tsohuwar maɗaba'a a cikin gari, inda wani dattijo ya ƙi rabuwa da injinsa na dā ko da yake yanzu da kwamfuta 'ya'yansa ke aiki. Yakan jawo aljihun katako mai ƙananan ɗakuna, kowane ɗaki da harafinsa na darma, ya nuna musu yadda ake jera su ɗaya bayan ɗaya, a juye, daga ƙarshe a ɗaure shafi a shafa tawada. Shafi guda yakan ci sa'o'i, kuskure ɗaya sai an kwance layi. Bara ɗalibar nan mai tambayar kakarta ta ce, "Baba, zan iya jera sunana?" Ya ce, "Bismillah, 'yata." Sunanta yana da ɗ, ta duba ɗakunan duka ba ta gani ba. Sai ya miƙa hannu saman kanta ya sauko da wani ɗan gwangwanin madara, ya zazzage mata a tafin hannu: ɓ da ɗ da ƙ, baƙi ƙirin da tsohuwar tawada. Ya ce su daban yake ajiye su, don ba su da yawa kuma in ɗaya ya ɓace ba a samunsa a kasuwa.